Gyaran Gangar Auzinawa a Ɗakin Saba

"Netwok ne." Mun gaji da jin wannan magana.

Ma'aikaciya ta zo ofis da safe, ta kunna kwamfuta, ta sa sunanta da kalmar sirrinta, foldarta ta ƙi buɗewa. Netwok ne. Malamin jami'a ya ajiye makin ɗalibansa ranar Alhamis, ya dawo Litinin ya tarar ba shi da ikon taɓa fayil ɗin da ya rubuta da hannunsa. Netwok ne. Akawu ya shiga neman takardunsa ya ci karo da takardar albashin wanda suke zaune ofis ɗaya. Wannan ma netwok ne?

Ƙarya ce. Waya tana nan lafiya lau, fitilun na'ura suna ƙiftawa, saƙo na shiga yana fita. Abin da ya lalace aikin mutum ne, kuma an san mutumin. Yana da ofis mai sanyi, yana da takardun shaida rataye a bango, yana karɓar albashi duk ƙarshen wata da sunan kula da saba.

Wanda ba harkarsa ba ce ya saurara, don maganar ta fi shafarsa. Saba ita ce babbar kwamfutar da ma'aikata ke ajiya a cikinta. Kowane ma'aikaci ana yanka masa folda tasa ta kansa a can, mai ɗauke da sunansa, duk kwamfutar da ya zauna a kai foldar ta biyo shi. Alkawari biyu ne kacal a cikin tsarin. Mai folda ya samu kayansa duk lokacin da ya nema. Wanda ba mai ita ba kada ya gani. Kuma duka biyun ake karyawa, wani lokaci a rana ɗaya, da hannu ɗaya.

Kada wani ya ce mana sabon ilimi ne. Tsarin NFS, wanda kwamfutocin Linux ke raba fayiloli da shi, kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi tun 1984. Samba, wadda ke sa sabar Linux ta yi magana da kwamfutocin Windows, Andrew Tridgell ya fara sakinta a farkon 1992 yana ɗalibi a Kanbera ta Ostareliya. Da yawa daga cikin masu yi mana kame-kamen nan ba a haife su ba lokacin da aka rubuta littafin aikin. Kyauta yake, yana cikin sabar kanta, kalma biyu ake bugawa ya buɗe. Me ya hana a karanta?

Mu fara da babban laifin, wanda kowa a cikinsu ya san shi kamar sunansa: chmod 777.

Kowane fayil a Linux yana da izini kashi uku: na mai shi, na 'yan rukuninsa, da na sauran jama'a. Karantawa lamba 4 ce, rubutawa 2, shiga ko gudanarwa 1. An haɗa su sun zama 7. Wanda ya rubuta bakwai sau uku ya ce kowa ya karanta, kowa ya sauya, kowa ya goge. Foldar mutum ta kansa 700 ta dace da ita: mai ita yana da komai, sauran ba su da komai.

To ga yadda ake yi. Hajiya ta kira ta ce foldarta ta ƙi buɗewa, kuma shugaba yana jiran takarda. Gwanin ya taso yana tafiya a hankali da waya a kunne. Ya zauna, ya buga layi ɗaya, ya ƙara harafin da ke sa umarnin ya ratsa duk abin da ke ƙarƙashin babbar foldar ma'aikata. Ya miƙe. "Hajiya, gwada yanzu." Ta gwada, ta buɗe. "Kai, Allah ya yi albarka, Injiniya. Hannunka da magani." Ya yi murmushi ya koma ofis.

Ba ta san abin da ya yi mata ba. Ba tata kaɗai ya buɗe ba, ta kowa ya buɗe wa kowa. Daga yanzu ɗan bautar ƙasar da ya zo makon jiya zai iya karanta takardar asibitin da ta ajiye, ya sauya lamba a rahoton kuɗi, ya goge aikin shekara uku na wani. Kwado ya cije, maimakon a nemo makulli sai aka ɓalle ƙofofin gidan haya gaba ɗaya, masu haya kuma suna ta sa wa mai ɓallewar albarka.

Abin haushin, ita na'urar ta fi shi kunya. Manhajar SSH, wadda ake shiga saba daga nesa da ita, tana ƙin karɓar makullin mutum idan ta ga kowa zai iya rubutu a foldarsa. Da gangan aka gina ta haka. Sai ka ga bayan "gyaran" shiga daga nesa ya tsaya. Me gwanin zai yi? Ya koma ya maido da izini yadda yake? Ina! Sai ya nemo saitin da ke wannan bincike, shi ma ya kashe shi.

Alhali ainihin ciwon, sau da yawa, ba ya wuce lamba ɗaya.

Saba ba ta san sunan kowa ba. Lamba ta sani. Duk wanda aka yi wa rajista a Linux ana ba shi lamba, yawanci daga 1000 a yi sama, bi da bi. NFS a tsarinsa na yau da kullum lambar nan yake ɗauka ya kai wa saba, ba sunan ba. Yanzu a ce a kan saba an fara rajistar akawu, ya samu 1001, sakatariya ta samu 1002. A kwamfutar ofis kuma wani ya fara da sakatariya, ta samu 1001. Shi ke nan. A idon saba sakatariya ta zama akawu. Foldarta za ta ƙi ta, tasa za ta buɗe mata.

Nawa ake kashewa a gano wannan? Umarnin id, haruffa biyu. A buga shi a nan, a buga shi a can, a kwatanta lambobin. Ko minti ɗaya ba a ci ba. Maganinsa na dindindin ma sananne ne: rajista ɗaya ga kowa a wuri ɗaya, ko LDAP, ko FreeIPA, ko Active Directory, kowace kwamfuta ta riƙa tambaya a can. Amma wannan aiki ne na zama da tunani, ba ya kawo "hannunka da magani" nan take. Saboda haka ba a yi.

Akwai ma mai ban dariya. Wannan tsohon tsari rukuni 16 kawai yake iya ɗauka wa mutum ɗaya. Babban ma'aikacin da aka cusa cikin kwamiti ashirin sai ya ga wata folda ta ƙi shi, ƙaramin ma'aikaci kuwa yana shiga abinsa. An san matsalar shekara da shekaru, an tanadi saiti guda da ke sa saba ta duba rukunan da kanta. Amma a wurinmu sai a ce wa mutum kwamfutarsa ce ta tsufa, a rubuta takardar sayen sabuwa. Wa ya ci ribar wannan jahilci? Ku tambayi mai kwangila.

Sai fayil ɗin da ke faɗin wa za a ba me, wanda ke zaune a /etc/exports. A nan ake ganin riƙon sakainar kashi tsirara.

Layi ɗaya ne ga kowace folda: sunanta, sai kwamfutar da aka yarda ta karɓa, sai sharuɗɗa a cikin baka, manne da sunan kwamfutar. Manne. Idan yatsa ya zame ya bar tazara ɗaya tsakanin sunan da bakan, ma'ana ta juye. Kwamfutar da aka ambata ta samu karatu kawai, izinin rubutawa kuma ya tafi ga duk wata na'ura da za ta iya kaiwa ga sabar. Tazara ɗaya. Littattafan koyarwa sun yi gargaɗi a kanta har sun gaji. Umarnin exportfs yana nuna abin da saba ta fahimta, ba abin da mutum yake zaton ya rubuta ba. Waye yake dubawa bayan ya rubuta?

Wasu ma ba kuskure ba ne, da niyya suke sa alamar tauraro, wato kowa da kowa, don kada a sake damunsu duk lokacin da aka sayo sabuwar kwamfuta.

Ga kuma no_root_squash. Masu NFS sun san cewa duk mai kwamfuta sarki ne a kan kwamfutarsa, don haka suka tsara cewa idan babban mai iko na wata kwamfuta ya iso saba, a sauke shi ya zama ba kowa ba, mai lamba 65534. Haka abin yake zuwa daga masana'anta. Sai gwanin ya ga wani aiki nasa ya ƙi tafiya, ya cire kariyar. Daga ranar, duk yaron da ya shigo da laftof ya jona waya a bango, ya zama babban mai iko a kan na'urarsa, ya zama mai iko a kan foldar kowa. Ba sai ya san kalmar sirrin kowa ba. Ba sai ya iya kutse ba.

Shi kuwa wanda ya yi wannan aika-aika, shi ne mai aiko mana da takarda duk wata uku: a sauya kalmar sirri, a sa babban harafi, a sa lamba, a sa alama, kada a rubuta a takarda, kada a faɗa wa kowa. Shi ne mai tsayawa a taron ma'aikata yana nuna hotuna a bango yana faɗa a kan sakaci. Shi ne ya toshe Facebook da YouTube saboda "tsaro". Laifi tudu ne. An matsa wa masinja a kan harafi takwas, an bar asirin ma'aikata duka a buɗe.

Na'urar kuma ba bebiya ba ce. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Yawancin abin da saba ta ƙi yi, tana rubuta dalili. Samba tana da kundin rahotonta. Tsarin kansa yana da nasa. A sabobin dangin Red Hat akwai SELinux, wanda hukumar tsaron Amurka ta NSA ta saki a shekarar 2000, shi ma yawancin abin da ya hana sai ya rubuta: wane ne ya nema, me ya nema, ƙarfe nawa. A kan irin waɗannan sabobi, ko izini ya yi daidai, ko lamba ta yi daidai, Samba ba za ta ba da foldodin ma'aikata ba sai an kunna maɓalli guda mai suna samba_enable_home_dirs. Idan foldodin ta NFS suke zuwa, akwai ɗan'uwansa, use_nfs_home_dirs. Layi ɗaya. An kunna, an wuce wurin, sauran kariya tana nan daram.

Me suke yi? Su kashe SELinux ɗungurungum. Wasu ma shi ne aikinsu na farko ranar da aka kafa saba, tun kafin ya hana su komai, har suna koya wa na ƙasa da su cewa haka ƙwararru ke yi.

Katangar tsaro ma haka. NFS na huɗu ƙofa ɗaya yake bukata, 2049. Na uku ne mai rigima, yana son 111 da wasu ƙofofin da ke sauyawa idan ba a ɗaure su ba. Samba ta zamani 445 take bi. Lambobin nan ba asiri ba ne. A buɗe wadda ake bukata, ga kwamfutocin ofis kaɗai, a rufe saura. A'a. Sai a sauke katangar duka "na ɗan lokaci, don a gwada." Ku je ku duba yau. Ɗan lokacin ya shekara.

A ɓangaren Windows ma tatsuniyar ɗaya ce. Samba tana da rajistar kalmar sirri tata daban. An yi wa mutum rajista a saba ba a shigar da shi ta smbpasswd ba, dole ta ƙi shi, ko sau ɗari ya buga. Windows kuma ba ta yarda a shiga saba ɗaya da suna biyu a zama ɗaya, har lamba ta ba kuskuren, 1219, kuma tana riƙe tsohuwar kalmar sirri ta yi ta aikawa bayan an sauya. Umarnin testparm yana karanta saitin Samba ya nuna inda aka yi shirme. Sashen foldodin ma'aikata yana da layi guda da ke cewa mai suna kaɗai zai shiga folda mai sunansa.

Amma gajeriyar hanya ta fi daɗi. A buɗe shigar baƙo, ba suna ba kalmar sirri. Ko a yi asusu ɗaya ga ofis duka, a rubuta kalmar a ƙaramar takarda a manna a gefen allo. Ranar da fayil ya ɓace, wa za a tambaya? Rahoto zai ce "ma'aikaci" ne ya goge. Wane daga ciki?

Mafi muni, idan tsohuwar na'urar ɗaukar hoton takardu ta ƙi magana da saba, sai a farfaɗo mata da SMB1, tsohon yaren da masu shi da kansu suka ce a binne.

Sun manta ne, ko ba su taɓa ji ba? Ranar 12 ga Mayu, 2017, cutar WannaCry ta bi ta ramin da ke cikin SMB1 na Windows, ta ƙofar 445, ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita har kimanin 19,000, an juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Microsoft kuwa ta riga ta fitar da facin ramin tun 14 ga Maris, wata biyu kafin nan. Yawancin waɗanda abin ya ci, facin ne ba su sa ba.

Kada masu Linux su yi dariya. Cikin wannan wata na Mayu dai aka bayyana wani rami a Samba, wanda ya kwana a cikinta tun fitowar 3.5.0 a 2010: duk wanda ke da izinin rubutu a folda ɗaya zai iya ajiye wani fayil ya sa saba ta gudanar da shi. Izinin rubutu. Wato daidai abin da gwanayenmu ke rabawa kamar goron biki. Samba ta kashe SMB1 a saitinta na asali tun fitowar 4.11 a 2019. Wanda ya kunna shi yau da hannunsa ya kunna, da saninsa.

Yanzu mu zo kan wuta, don nan ne mafakarsu ta biyu bayan netwok.

E, ana ɗauke wuta. Yau aka fara? Wanda ya kafa saba a ƙasar da ake sauya layi zuwa janareta sau da yawa a yini, ya tsara ta kamar wutar ba ta taɓa ƙiftawa ba, shi ne mai laifi, ba kamfanin wuta ba.

Wuta ta dawo. Kwamfutocin tebur sun tashi cikin daƙiƙu, saba tana can tana duba faifanta. Sun nemi folda ba su samu ba, sun haƙura. Ma'aikaci ya shiga ya ga allo fayau, ya ɗora hannu a ka ya ce aikinsa ya tafi. Bai tafi ba. Akwai autofs, wanda ke jona folda a lokacin da aka neme ta, ba lokacin tashi kaɗai ba. Ba a sa ba.

Ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu, ta farka tana zaton wata shekara ce can baya. Kerberos, mai tantance mutane a Active Directory, ba ya yarda da saɓanin agogo da ya wuce minti biyar. Sai a ce kalmar sirrin mutum ba daidai ba ce, a sauya masa sau uku, a yi masa kallon wanda ba ya riƙe abu a ka. Batirin bai kai kuɗin abincin rana ba. Daidaita agogo ta hanyar sadarwa kyauta ne.

Ga wanda ya fi duka haɗari, don ba ya ihu. Wani ya ga rubutu a saba yana jan ƙafa, ya sa async, wato saba ta ce "na ajiye" tun kafin ta ajiye. Sauri ya samu, an yaba masa. Wuta ta ɗauke a tsakani, abin da aka ce an ajiye ya bi iska, mai shi bai sani ba sai ranar da ya buɗe. Wani kuma ya gaji da kwamfutoci suna sandarewa idan saba ta faɗi, ya sa soft, alhali littafin NFS ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa hakan na iya lalata bayanai a ɓoye. A wurin da batirin ajiyar wuta ya kumbura tun bara ba a sauya ba! Wannan ba gyara ba ne, caca ce da dukiyar wasu.

Ba zan daɗe a kan cikar faifai ba. Ba a yanka wa kowa iyaka ba, mutum ɗaya ya zuba finafinai da bidiyon biki, faifai ya cika, ofis duka ya kasa ajiye ko wasiƙa. Umarnin dubawa haruffa biyu ne shi ma. Sau nawa ma finafinan na ɗakin saba ne?

Sai kwafin ajiya. Tambayi kowanensu zai ce akwai. Tambaye shi yaushe ya taɓa dawo da fayil ɗaya daga ciki don ya tabbatar, sai ka ga ana sosa ƙeya.

Wani kwafin nasa yana kan faifan da yake kwafa. Wani yana nuna maka faifai biyu masu kwaikwayon juna ya ce ga shi, alhali abin da aka goge a ɗaya nan take yake gogewa a ɗayan, abin da cuta ta kulle a nan ta kulle a can. Wani aikin kwafin ya tsaya tun watanni, saƙon gargaɗi yana zuwa akwatin wanda ya bar aiki.

Manya ma abin yana cin su. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai kusan gigabait 300 a kan sabar da ba ita ya nufa ba. Da aka juya ga hanyoyin ajiya biyar da suke taƙama da su, ba wadda ta yi aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, aikin awa shidan kuma ya tafi. A Disambar 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta rasa terabait 77, fayiloli kusan miliyan 34, saboda kuskure a manhajar da aka sa ta kula da ajiyar kanta.

Na san abin da za su ce: to ka gani, har can ma ana yi. Su dakata. GitLab ta fito ta rubuta wa duniya abin da ya faru dalla-dalla, da abin da ta gaza, da abin da za ta gyara. A Kyoto kamfanin da ya kawo manhajar ya ɗauki laifin a rubuce. Ba wanda ya ce netwok ne. Ba wanda ya ce wa mai fayil, "Ai da ka ajiye a filashi."

Wannan jumla ta ƙarshe ita ce ƙarshen rashin kunya. An ce mu daina ajiya a filashi saboda cuta, mu ajiye a saba don ta fi tsaro. Mun bi. Ranar da saba ta ci amanarmu, an juyo an ce laifinmu ne da muka yarda da ita.

Sauran uzurin ma mun haddace su. Albashi kaɗan ne. Mutum ɗaya ne ke gyaran firinta, da jan waya, da saita wayar shugaba, da kula da saba. Ba a ba da kuɗin horo. An rubuta takardar sayen batir ta kwana a tebur. Wasu daga ciki gaskiya ne, kuma shugabannin da ke sayen motoci su bar saba a ɗakin da rufinsa ke yoyo suna da nasu kason na laifi, babba ma. Su ne masu ba ɗan'uwa kwangilar kafa saba, ya karɓi kuɗi ya tafi da kalmar sirrin babban mai iko a aljihu, ba takarda ko ɗaya da ta ce ga yadda aka tsara.

Amma nawa ake biya kafin a karanta rahoton da na'ura ta rubuta? Wane kasafi ake jira kafin a buga 700 maimakon 777? Wa ya hana a rufe asusun wanda ya bar aiki shekara biyu da suka wuce, wanda har yau sunansa na shiga? Wanda aikin ya fi ƙarfinsa ya faɗa a rubuce, ya ce ga abin da ban iya ba, ga haɗarin da ke ciki. Wannan mutunci ne. Abin da ba za a lamunta ba shi ne a ɓoye rashin sani da cire kariya, sannan a karɓi godiya.

Kuma abin ya wuce ladabin aiki. A Najeriya an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, da hukuma mai kula da ita. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ce idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukuma cikin awa 72. Ma'aikatar da ba ta san wa ya buɗe me ba, ta yaya za ta san an yi ɓaraka, balle ta ƙirga awa? A cikin foldodin nan akwai lambobin asusun banki, da sakamakon gwajin jini, da takardun ladabtarwa, da makin 'ya'yan mutane.

Ku kuma jama'a, ku ne kuka sangarta su. Kuna ganin baƙin allo da fararen haruffa sai ku ja da baya kamar an buɗe littafin tsibbu. Kun ɗauka tambaya rashin kunya ce. Ba sai kun iya Linux ba kafin ku nemi haƙƙinku, kamar yadda ba wanda ya ce sai kun karanta aikin banki kafin ku nemi bayanin asusunku.

Idan aka ce an gyara, ku ce me ya lalace, me aka sauya, a rubuta muku a layi biyu. Wanda ya gane ciwon zai iya faɗinsa da Hausa. Wanda ya ce ba za ku gane ba, shi ne bai gane ba.

Ku samu abokin aiki, da yardarsa, yana tsaye a wurin, ku gwada buɗe foldarsa daga kwamfutarku. Idan ta buɗe, taku ma a buɗe take, kuma ba yau ta fara ba. Kada ku yi shiru don kunya, kada ku tsaya a faɗa da baki a baranda. Ku rubuta.

Ku tambayi mutum nawa ne suka san kalmar sirrin babban mai iko, da sunayensu, da ranar da aka sauya ta ta ƙarshe. Ku tambayi ko ɗan kwangilar da ya kafa sabar yana cikinsu.

Sannan ku zaɓi fayil ɗaya da kuka goge a watan jiya, ku ce a dawo muku da shi daga kwafin ajiya, yau, kuna zaune. Idan aka ce sai gobe, ku rubuta ranar da sunan wanda ya faɗa, ku aika wa shugaban ma'aikata kwafi.